Ina son barin aikin Umara in koma harkar kilawud, amma digirina na Larabci ne

Wasiƙar wannan makon daga Jidda ta zo, na ɗan rage mata tsawo.

"Assalamu alaikum Yaya. Ni ɗan Kano ne, shekarata 34, na kai shekara shida ina aiki a wani kamfanin Umara anan Jidda. Ni ne mai tarbar alhazai a filin jirgi, ni ne mai shigar da fasfo a kwamfuta, ko intanet ɗin ofis ne ya ɗauke ni ake kira duk da ba aikina bane. Digirina na Larabci ne, ban taɓa karanta kwamfuta a makaranta ba. Albashi tunda nazo bai motsa ba, iyali suna gida, yara uku ga mahaifiya. Kwanaki naga wani a TikTok yana tallan kwas na kilawud, wata uku, riyal 6,000, yace in ka gama zaka samu aikin riyal 15,000 ko baka da digirin kwamfuta. Ina da riyal 8,000 da na tara. Tunanina in ajiye aikin in biya kuɗin in maida hankali gaba ɗaya. Mai ɗakina tace kar in saki reshe in kama ganye, ni kuma ina ganin shekaru na ta tafiya. Dan Allah Yaya gaskiya nake so ko da ɗaci."

Wa alaikumus salam ƙanena. Toh tunda kace ko da ɗaci, kar ka ajiye aikin nan, kuma kar ka tura wa mutumin nan ko halala ɗaya. Ba wai don harkar kilawud, wato kula da kwamfutocin da kamfanoni ke haya ta intanet, bata shiguwa ba, tana shiguwa, kuma rashin digirin kwamfuta ba shi ne babbar katangar da ke gabanka ba. Katangar tana cikin aljihunka, igamarka ce, wato katin izinin zamanka a Saudiyya. Ciro ta yanzu ko ka buɗe Absher, manhajar gwamnati, ka duba abin da aka rubuta a wajen mihna, wato sana'ar da aka yi maka rajista da ita. Wannan kalmar guda ɗaya ta fi duk bidiyon da ka kalla a TikTok tasiri akan inda zaka iya aiki a ƙasar nan, kuma na tabbata mai tallan bai ko ambace ta ba, saboda irin waɗannan bidiyoyin daga na mutanen Amurka ake kwafo su, can mutum in ɗan ƙasa ne yau ya bar tuƙin mota gobe ya shiga kamfanin kwamfuta babu mai tambayarsa me aka rubuta a katinsa. Kai baƙo ne a Saudiyya, zamanka a ɗaure yake da aikinka. Ranar da ka ajiye aiki ba tare da wani kamfanin da zai karɓe ka ba, ba karatu zaka zauna yi ba, lissafin kwanakin fita zaka fara.

Bari in ɗan tsaya anan saboda nan ne mutanenmu suka fi yin asara. Tun watan Maris na 2021 an sassauta dokar aiki, ma'aikacin kamfani zai iya komawa wani kamfanin ta Qiwa, shafin intanet na ma'aikatar ƙwadago, ba sai mai aikinsa ya yarda ba, in ya cika shekara da shigowa kuma ya bi sharuɗɗan sanarwa, ko in kwantiraginsa ya ƙare. Wannan ya shafe ka tunda a kamfani kake, ba direban gida bane kai, su tsarinsu daban. Amma nagal kafala, wato wannan komawa wani kamfanin, abu ɗaya ne, canza mihna abu ne daban. Canjin mihna kamfani ne yake nema maka, ba kai kake yi da kanka ba, kuma duk mihnar da ke ɗauke da sunan muhandis, wato injiniya, sai da rajistar hukumar injiniyoyi ta Saudiyya, su kuma takardar makaranta suke dubawa wadda aka tantance, satifiket ɗin AWS, wato kilawud ɗin Amazon, ko na Microsoft baya tsaya maka a wannan wajen. Ga kuma sa'wada, wato tsarin ware wa 'yan ƙasa guraben aiki. A 2021 aka fara aiki da dokar da tace duk kamfanin da ke da ma'aikata 5 ko fiye a ayyukan sadarwa da kwamfuta, kashi 25 cikin ɗari na waɗannan kujerun na 'yan ƙasa ne. Kuma in ka duba da kyau ƙananan kujerun da ɗan koyo ke fara zama su ne kamfani ya fi saurin cikewa da 'yan ƙasa, saboda ga matasa nan suna fitowa daga jami'a da Tuwaiq Academy, gwamnati na tallafa wa ɗaukarsu. Baƙon da ake ɗauka galibi wanda ya riga ya ƙware ne. Ƙasarsu ce, tsarinsu ne, ba abin fushi bane, amma ka san da shi kafin ka fidda kuɗi. Dokokin nan ana sabunta su akai akai, saboda haka mutum na farko da zaka zauna da shi ba malamin kwas bane, mu'aƙƙib ɗin kamfaninku ne, wanda ke zirga zirgar takardunku a jawazat, wato ofishin fasfo da shige da fice, da ofishin ƙwadago. Saya masa shayi ka tambaye shi, da takardun da nake da su wace mihna ta kusa da kwamfuta za a iya mayar da ni, me ake buƙata. Amsarsa ita zata gaya maka ko a Jidda zaka ci moriyar wannan ilimin ko a wani wajen.

Wani zai ce maka ai ba komai, ka koya ka riƙa yi wa mutane aiki a gefe. A kula. Yi wa wani aiki a cikin ƙasar nan wanda ba shi ne mai aikinka ba saɓa doka ne, akwai tara akwai tarhil, wato kora daga ƙasa, kuma kai da kake tarbar mutane a filin jirgi kullum ka fi ni sanin yadda ake fita ta wannan ƙofar.

Yanzu ita kanta harkar. Kai ma kana amfani da ita kullum ba tare da ka kira ta da sunan ba. Ka san yadda kamfaninku baya gina otel a Makka, in Ramadan ya matso sai ku kama ɗakuna masu yawa, bayan sallah ku saki ku bar kaɗan, ku biya na kwanakin da kuka riƙe kawai. Haka kamfanoni suke yi da kwamfuta yanzu, maimakon su sayi manyan injinan da ake kira saba su ajiye a ɗaki da na'urar sanyaya waje da mai gadi, sai su yi hayarsu a wajen Amazon ko Microsoft ko Google ko Oracle, su ƙara in aiki ya yi yawa su rage in ya lafa. Ma'aikacin kilawud shi ne mai kama wannan hayar, ya tsara wa zai shiga ina, ya kulle inda ya kamata, ya tabbatar in abu ya faɗi akwai kwafinsa a wani wajen, kuma ya hana kuɗin hayar cinye kamfanin. Kasuwar kuma da gaske take a ƙasar nan, wannan ɓangaren mai tallan bai yi ƙarya ba. Oracle ya buɗe cibiyarsa anan Jidda tun 2020 ya ƙara wata a Riyad, Huawei ya buɗe a Riyad a 2023, Google a Dammam a ƙarshen 2023, Microsoft ya sanar da tasa a yankin gabas, Amazon kuma a taron LEAP na 2024 yace zai zuba sama da dala biliyan 5 ya buɗe tasa. Dalilin ba ɓoyayye bane, hukumomi da bankuna suna son bayanansu su zauna cikin ƙasa, ga dokar kare bayanan mutane da ta fara aiki a Satumban 2023 aka ba kamfanoni shekara guda su gyara. Aiki akwai. Wanda zai same shi ne abin tambaya.

Abin da wata uku ba zata baka ba shi ne ƙasan ginin. Na sha ganin masu satifiket da in ka buɗe musu baƙin allon Linux, wato tsarin da ke tafiyar da kwamfuta kamar Windows, sai su riƙa neman inda ake danna linzami. Kilawud ɗin nan kwamfutar wani ce kake sarrafawa daga nesa, yawancinsu Linux ne akansu, babu hoto babu maɓalli sai rubutu. Saboda haka watannin farko ka manta da sunan AWS ma. Ka nemi laftof na hannu a kasuwar Haraj mai ƙwaƙwalwar 8GB, in ka samu 16 ya fi, ka sa VirtualBox, manhajar da ke ƙirƙirar wata kwamfutar a cikin taka, kyauta ne, ka ɗora Ubuntu, wani nau'in Linux, a ciki, ka koyi shiga babban fayil da fita, ƙirƙirar mai amfani, ba shi izini da hana shi, duba me ke cin ƙwaƙwalwa, karanta rajistar kurakurai. Sannan netwok, me ake nufi da lambar IP, wato adireshin na'ura, yaya DNS ke mayar da sunan shafi zuwa lamba, me yasa a cikin ƙofofin da saƙo ke bi ya shiga kwamfuta ƙofa ta 22 daban da ta 80 daban da ta 443. Kai da ake kira in intanet ɗin ofis ya ɗauke, ka daina tsayawa a cire waya a mayar, ka shiga cikin na'urar ka ga me take rabawa kwamfutocin ofis ɗin, daga nan karatun netwok ɗinka ya fara ba ka biya kowa ba.

Ga yadda zaka gane ko harkar taka ce tun kafin ka kashe kuɗin jarrabawa. Ranar da ka buɗe akawun na gwaji a ɗaya daga cikin kamfanonin nan, ka tayar da ƙaramar saba, ka shiga cikinta ta SSH, hanyar sarrafa ta daga nesa, ka sa Nginx, manhajar da ke nuna wa mutane shafin intanet, ka rubuta shafi ɗaya ko da "sannu da zuwa" ne kawai, sai ka ɗauki lambar IP ɗin ka sa a wayarka. Ba zai buɗe ba. Kusan kowa haka yake masa, abin zai ta juyawa yana juyawa har ya gaji. Zaka koma ka duba ka ga Nginx na aiki lafiya, ka sake gwadawa shiru, ƙarfe ɗaya na dare ya yi gobe akwai jirgin asuba, sai can ka gano ashe ƙofa ta 80 ce a rufe a dokokin tsaron sabar, layi ɗaya zaka ƙara, ka sake dannawa sai ga rubutunka a waya, ka tura wa mai ɗakinka a Kano ita ma ta buɗe ta gani. Abin da nake so ka lura da shi ba buɗewar bace, awa biyun da ke tsakani ne. In a cikinsu ka ji haushi amma ka kasa tashi ka bar shi, toh kana da halin aikin. In kuwa ji ka yi kamar ka jefar da laftof ɗin kuma washegari baka son ko ganinsa, gara ka sani yanzu, domin rabin aikin kenan har ka yi ritaya, abu ya ƙi yi a rasa dalili kai ne zaka nemo.

Kafin ka tayar da komai a wannan akawun ɗin dai, abu biyu. Ka sa tabbacin shiga na biyu ta waya, sannan ka sa ƙararrawar kuɗi wadda zata turo maka imel in kashewarka ta kai ko dala 5. Katin bankinka ne a maƙale, kyautar da suke bayarwa tana da iyaka, in ka tayar da babbar na'ura ka manta ka shiga hidimar alhazai sati biyu, tana nan tana ƙirga maka awa awa. Kuma kar ka taɓa saka makullan sirrin akawun ɗinka cikin abin da zaka ɗora a GitHub, shafin da masu rubuta manhaja ke ajiye aikinsu, akwai ɓarayin da na'urorinsu ke sintiri dare da rana suna neman irin wannan, su tayar da injina da sunanka su haƙi kuɗin kirifto kai a kawo maka bil. Duk abin da ka gama gwadawa ka goge shi a daren.

Maganar satifiket kuma, lissafa da kanka ka ga inda riyal 6,000 ta tsaya. Jarrabawar farko ta Amazon, Cloud Practitioner, dala 100 ce, tambaya 65 cikin minti 90. Ta biyu wadda ita ce masu ɗaukar aiki suka fi kallo, Solutions Architect Associate, dala 150, minti 130. In ka ci ta farko suna baka rangwamen rabin kuɗi a ta gaba, kaga duka biyun sun tsaya dala 175, a canjin 3.75 wajen riyal 660 kenan banda haraji. Kuma tunda Turanci ba harshen uwarka bane kana da damar neman ƙarin minti 30, amma sai ka nema kafin ka yi rajistar ranar, mutane da yawa basu sani ba. Shekara uku satifiket ɗin yake yi a sabunta. A ɓangaren Microsoft akwai AZ-900 ta share fage sai AZ-104 ta masu gudanarwa, kuma darussan duka suna nan kyauta a Microsoft Learn, na Amazon ma akwai na kyauta a Skill Builder, YouTube kuwa ba a magana. Ɗaya zaka ɗauka, ba duka ba. Ni a ganina in ofishinku da Outlook da Microsoft 365 yake aiki ka bi Azure, kilawud ɗin Microsoft, saboda abin da ka karanta da dare zaka iya taɓa shi da safe. In ba haka ba AWS. Google ka bar shi tukuna, masu adireshin Saudiyya ta hannun dillalinsu CNTXT suke bi, ba shi ne mafi sauƙi ga mai koyo shi kaɗai ba. AZ-900 ana iya rubuta ta da Larabci, kuma na san zuciyarka zata raya maka hakan, amma ka daure ka yi da Turanci, duk saƙon kuskuren da na'ura zata watso maka da Turanci zai zo, littattafan bayanin ma haka.

Za a kawo maka tallan tambayoyin sata a Telegram, ace ka haddace ka ci cikin sati. Ka bar su. Banda cewa ha'inci ne kuma in an kama ka za a iya soke sakamakon, ranar intabiyu wanda zai zauna gabanka ba zai tambaye ka A ko B ba, cewa zai yi shafin kamfani ya daina buɗewa ƙarfe biyun dare, me zaka fara dubawa, sannan me, in ba shi bane fa. Minti biyar ya isa ya gane wanda ya kwana da ƙofa ta 80 da wanda ya yi hadda.

Ban ce duk kwas na kuɗi damfara bane, wani mutumin sai da malami da abokan karatu yake iya ɗorewa. In ka nace sai ka shiga, tambayi mai kwas ɗin lasisinsa, cibiyoyin horo masu zaman kansu a ƙasar nan hukumar koyar da sana'a da fasaha ce ke basu izini. Sannan kace ya haɗa ka da mutum uku baƙi, ba 'yan ƙasa ba, marasa digirin kwamfuta, da suka gama suka samu aikin, ka ji ta bakinsu wace mihna ce a igamarsu yanzu. Zaka ga yadda hira zata canza.

Toh ina ƙofar take in ba a kwas ba? Tana cikin wasiƙarka, kai ka rubuta ta kamar ƙorafi, "ni ake kira duk da ba aikina bane". Ƙanena wannan shi ne jarin da kake da shi wanda mai digirin da ya fito jiya bashi da shi. Ban taɓa shiga ofishinku ba amma bari in yi hasashe, hotunan fasfon alhazai suna warwatse a WhatsApp ɗin ma'aikata, akwai kwamfuta ɗaya da komai ke ciki wadda in ta mutu yau an shiga uku, fasawod ɗaya kowa ke amfani da shi har da wanda ya bar aiki bara, kuma babu wanda ya taɓa gwada ko bakof ɗin, wato kwafin bayanan da aka ajiye, yana dawowa, in ma akwai shi. Fasfo da lambar waya da hoton mutum duk bayanan da dokar nan ta kare ne. Ga fatura ta lantarki da hukumar zakka da haraji ta wajabta tun Disamban 2021, ga mu'amala da Nusuk, manhajar gwamnati ta Hajji da Umara, kullum. Duk wannan aikin kwamfuta ne da babu mai shi a ƙananan kamfanoni. In bayan wata shida na karatu ka iya tsara wa kowane ma'aikaci akawun ɗinsa, ka mayar da fayiloli ma'ajiyar kamfani mai izini, ka kafa bakof da ke tafiya da kansa kuma ka gwada shi a gaban mudir, wato manajanku, ya ga fayil ɗin da aka goge ya dawo, ka samu abin rubutawa a CV wanda ya faru da gaske a kamfani na gaske. Amma da sharaɗi, da izinin mudir a rubuce, kuma a akawun ɗin kamfani. Kar ka kuskura ka kwashi fasfon mutane ka kai akawun ɗinka na gwaji da sunan koyo, amanar bayin Allah ce kuma laifi ne, in gwaji zaka yi ƙirƙiri sunayen ƙarya.

Daga irin wannan ake tafiya da'amul fanni, wato sashen gyara wa ma'aikata matsalolin kwamfuta, a kamfanin da ya fi girma, ko wajen kamfanonin da ke kula wa wasu kamfanoni da kwamfutocinsu, daga nan mai kula da saba, sannan a kai ga kujerar da ake kira ta kilawud. A hanya zaka ƙara Git da ɗan Python da Terraform da Docker, amma ba yau ba, kar ka tara wa kanka sunaye su tsorata ka. Albashin farko ba zai yi kusa da abin da aka faɗa maka ba, wataƙila ma ya yi daidai da na yanzu, bambancin shi ne wannan yana da matakala a gabansa. Kuma kar ka raina digirin Larabcin nan. Na farko digiri ne, wasu wuraren abin da suke so kawai su ga ka gama jami'a. Na biyu yawancin baƙin da ke wannan harkar a ƙasar nan daga Indiya da Pakistan Larabcin kasuwa suke yi, kai kuwa zaka iya karanta takardar ƙa'idojin hukumar tsaron intanet ta ƙasa da Larabcinta, ka rubuta wa mudir rahoto mai kyau, ka zauna da abokin ciniki ka fahimci abin da yake so. Shekara shida kana kwantar wa alhajin da jakarsa ta ɓata hankali ƙarfe ukun dare, wanda imel ɗinsa ya ƙi buɗewa ba zai gagare ka ba.

In kuma mu'aƙƙib yace maka gaskiya da takardunka mihna ba zata canzu ba, karatun bai faɗi ƙasa ba. Linux ɗin Jidda shi ne na Kano, satifiket ɗin ma duk duniya ɗaya ne. A gida bankuna da kamfanonin hada hadar kuɗi ta waya da na sadarwa duk suna buƙatar masu wannan aikin, ga Galaxy Backbone na gwamnatin tarayya da ke riƙe da bayanan hukumomi, kuma daga gida kana da 'yancin yi wa kamfanin waje aiki ta intanet wanda igama bata baka anan, sai dai ka tanadi sola da intanet mai kyau. Sai dai wannan shawara ce da ake yankewa da satifiket biyu a hannu da aikin da za a nuna, ba da riyal 2,000 da ta rage bayan an biya mai TikTok ba.

Shekara 34 kuma ba komai bace a wannan harkar, abin da zai baka wahala lokaci ne. Aikinku na kaka ne, daga Sha'aban zuwa bayan Hajji kai ba naka bane, kar ma ka yaudari kanka da jadawalin karatu a goman ƙarshe na Ramadan. Lokacin da aiki ya lafa ka matsa, awa ɗaya da rabi bayan asuba kafin fita aiki ya fi awa biyar ranar Juma'a kaɗai, lokacin cunkoso kuma ko minti ashirin ne ka taɓa don kar hannu ya manta. A nawa kiyasin, da aiki a wuyanka, ka sa ran shekara ɗaya zuwa ɗaya da rabi kafin ka fara neman canji da ƙarfin gwiwa. Ka kira mai ɗakinka ka gaya mata haka dalla dalla, aiki yana nan, kuɗin cefane ba zai taɓu ba, ga abin da zan kashe a laftof da jarrabawa, sauran yana ajiye, ga lokacin da zamu sake zama mu duba. Ita ba karatun take tsoro ba, watan da alat ba zai shigo ba take tsoro, kuma da hajiya a gida da yara uku tana da hujja.

Shi kuma mudir kar ka tare shi da maganar ana tsakiyar kaka, bari sai an sallami jirgin ƙarshe hankalinsa ya dawo jikinsa. Kuma kar kace masa kana son koyon kilawud don ka samu wani aikin, ce masa ka lura in kwamfutar nan ta lalace bayanan alhazai duka sun tafi, kana so ya baka dama ka gyara. Akwai yiwuwar ya ji daɗi ya ɗora maka duk aikin kwamfutar ofis ba tare da ƙarin ko riyal ɗaya ba, wannan kam sananne ne. Ka karɓa na ɗan lokaci, amma ka riƙa ajiye imel ɗin da ya baka umarni da wanda ka kai masa rahoto, kuma tun yanzu ka roƙe shi in za a sabunta kwantiraginka a Qiwa a duba maganar mihna. Ranar da zaka tafi dokar aiki ta baka haƙƙin karɓar shahadar khibra, wato takardar shaidar aikin da ka yi, kyauta, ka tsaya a kai a rubuta ayyukan kwamfutar da ka yi a cikinta da sunansu, kar a baka wadda tace mandub, wato wakilin kamfani, kawai.